Makullin Da Bai San Magaji Ba

A al'adar gidajenmu ta dauri, idan maigida ya cika, kafin a kai ga yi masa wanka akan sami wani babba daga cikin 'yan'uwansa ya laluba aljihun rigarsa ko ƙarƙashin matashinsa, ya ɗauke tarin makullansa ya damƙa su ga wanda dangi suka yarda da shi. Makullin ɗaki yana ciki, da na adaka, da na sito, da na rumfar kasuwa. In kuwa aka nema aka rasa, abin ba ya zama tashin hankali, domin ana gama zaman makoki sai a kira kafinta ko maƙeri, a tara shaidu, a ɓalle kwaɗo a gaban kowa, a ƙirga abin da ke ciki. Wato dai ƙarfe ba ya hana magada kaiwa ga haƙƙinsu, iyakarsa ya jinkirta su na 'yan kwanaki. To amma zamanin da muke ciki ya zo da wani irin makulli dabam, wanda ba a rataya shi a ƙugu, ba a kuma sa shi a aljihu. Yana zaune ne a ƙwaƙwalwar mutum ɗaya, ko a bisa fatar yatsansa, kuma ranar da aka kai mai shi makwanci tare da shi ake rufe ƙasa. Abin da ya same mu a gidan kawuna, a unguwar Sabo ta birnin Ibadan, cikin daminar 2023, shi ya sa na ga ya dace in ja hankalin mai karatu zuwa ga wannan sabon makulli.

Wanda bai taɓa zama a Sabo ba yana bukatar ɗan bayani kafin ya gane nauyin abin da ya rufu a cikin na'urar Kawu. Tun a 1916 aka keɓe wannan unguwa ga Hausawa baƙi a birnin da iyayenmu ke kira Badun, kuma tun daga lokacin fataucin goro da na shanu su ne ƙashin bayanta. Wani Bature masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar, ya kuma wallafa littafi a kanta a 1969, inda ya bayyana yadda cinikin ya dogara ga mutumin da ake kira maigida. Shi ke saukar da fatake, ya ba su masauki da abinci, ya haɗa su da dillalai, ya tsaya a tsakanin mai sayarwa da mai saye. Akasarin cinikin bisa bashi ake yin sa. Huhun goro yakan bar Shagamu ya isa Kano ko Sakkwato alhali ba a biya kuɗinsa ba, abin da ke riƙe da shi kawai shi ne maganar maigida. Kawu yana ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane. Daɗin daɗawa kuma, shi ne bankin talakawan unguwa. Masu gadi da masu shayi da 'yan ga-ruwa, musamman waɗanda ba su da takardun buɗe asusu, wurinsa suke kai ɗan abin da suka tara, su karɓa ranar da za su tafi ganin gida.

Shekaru da dama da ajami yake rubuta duk wannan a cikin manyan littattafai masu baƙin bango. A daren 26 ga Agusta, 2011, aka yi ambaliyar nan da ta ci rayuka masu yawa a Ibadan, ruwa ya shiga siton da yake ajiye littattafan, tawada ta narke, shafuka suka manne da juna. Ya shafe watanni yana bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana sake haɗa lissafi daga bakinsu. Daga nan ne ya ƙudurta cewa takarda ba za ta sake cin amanarsa ba. Ya sa aka koya masa boko gwargwadon rubuta suna da lamba, aka shirya masa jadawali a na'ura mai ƙwaƙwalwa, ya riƙa shigar da lissafinsa da kansa, da yatsa ɗaya, bayan sallar isha. A 2021 ya je Legas, ya sayo ta ɗauka-da-hannu a kasuwar kwamfutoci ta Ikeja, aka kwashe masa tsohon lissafi aka zuba a cikinta.

Ni ɗan ƙanwarsa ne, a gidansa nake zaune tun da na zo karatu jami'a, kuma ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na gan shi yana buɗe na'urar. Ɗaga murfin yake yi, sai kawai jadawalinsa ya bayyana. Ba mu taɓa ganin ya rubuta wata kalma ba, saboda haka kowa a gidan ya ɗauka na'urar a buɗe take. Abin da idonmu bai kama ba shi ne, duk lokacin da ya ɗaga murfin, babban yatsansa na dama yakan sauka a kan wani ɗan maɓalli da ke can gefe. Ga mutumin da ya saba dangwala yatsa a banki da rumfar zaɓe, wannan ya fi masa sauƙi bisa haddace haruffan boko. Tun daga 2015 manhajar Windows ta zo da wannan tsari na gane mai na'ura ta zanen yatsa ko ta fuska, amma ba ta yarda da yatsa shi kaɗai ba, dole sai an ajiye lambar sirri a bayansa saboda ranar da yatsa ya ƙi. A wurinmu ranar ta zo, kuma babu mai rai da ya san lambar.

Ciwon kwana biyu ya yi, Allah ya karɓi abinsa. Tun kafin sadakar bakwai masu bin bashi da masu ajiya suka fara sallama a zaure. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, babu kuma wanda ya yi mamakin zuwansu. Malamin da aka ɗora wa rabon gado ya faɗa ƙarara cewa ba za a taɓa ko ƙwandala ba sai an fitar da bashi da ajiyar mutane, domin dukiyar mamaci ba ta zama ta magada sai bayan an sauke waɗannan. Kawu ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, huɗu daga cikinsu ƙanana ne. Duk abin da aka biya wanda bai cancanta ba, daga bakin marayu aka cire shi. Duk wanda aka hana haƙƙinsa kuma, nauyin yana wuyan wanda ke kwance a kabari. Mutum biyu ne suka fi tsaya mana a rai. Na farko wani falke ne da ya ce yana bin kuɗin huhu arba'in. Na biyu wani dattijo ne mai gadi, mutumin Tawa ta ƙasar Nijar, wanda ya ce shekara shida yana kawo ajiya duk ƙarshen wata. Ba shi da takarda, ba shi da shaida, da aka matsa masa da tambaya sai ya ce, "Alhaji ya ce yana rubutawa a cikin akwatinsa mai haske." Ya faɗi haka ya sunkuyar da kai, bai ƙara ba.

Daren da aka ɗauko na'urar, a gaban dattawa aka ɗaga murfin. Maimakon jadawali sai ga hoton wani tsauni, da sunan Kawu, da wani ɗan fili fari yana jiran a rubuta masa abin da babu wanda ya sani. Samarin gidan suka shiga gwaji. Aka gwada shekarar haihuwarsa, aka gwada shekarar da ya sauke farali, aka gwada lambar motarsa, har na'urar ta fara jan lokaci tana neman a kashe ta a sake kunnawa. Lamba mai gida huɗu tana da fuskoki 10,000, mai gida shida kuma 1,000,000, ga shi an gina na'urar ta yadda duk yawan kuskure sai ta ƙara tsawaita jira. A nan ne zato ya fara shigowa. Ɗakin amarya suka fara raɗe-raɗin cewa wani ne daga ɗakin uwargida ya sa makullin bayan rasuwa, ɗakin uwargida su ma suka mayar da irin wannan magana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma na ga tsagar tana buɗewa a gidan da aka yi shekaru ana ci a kwano ɗaya. Daga ƙarshe wan Kawu ya yanke hukunci, ya ce a damƙa mini na'urar. Dalilinsa biyu ne: ni ne ɗan bokon da ke kusa, sannan ɗan 'yar'uwa ba shi da rabo a gadon da akwai 'ya'ya maza, don haka babu ɗakin da zai ce na karkata.

Washegari ni da Yaya, babban ɗan Kawu, muka nufi Dugbe wurin masu gyara. Yaron da muka fara samu ko minti biyu bai yi yana dubawa ba ya ce aikin awa ɗaya ne, zai wanke ta tas ya zuba sabuwar manhaja, wato abin da suke kira fomatin. Na tambaye shi makomar abin da ke ciki, ya ce ai wannan ya tafi ke nan, amma na'urar za ta dawo sabuwa fil. Na lura Yaya ya yi shiru na ɗan lokaci, kuma ban zarge shi ba. Shi ne zai ɗauki nauyin ƙannensa, ya kuma san cewa duk sunan da zai fito daga cikin na'urar ragi ne a kan abin da za su samu. Awa ɗaya da ɗan kuɗi kaɗan sun isa su shafe kowace hujja, babu kuma wanda zai ce an yi da gangan. Sai ya miƙa hannu ya rufe murfin ya ce, "Taso mu tafi. Na'ura ba ita muka zo nema ba."

Mai gyara na biyu dattijo ne, Bayarabe, wanda ya tashi a Sabon Garin Zariya, Hausarsa kuma ta fi ta wasunmu da aka haifa a kudu. Da muka gama bayani bai taɓa na'urar ba, sai ya ce, "Malam, ku yi haƙuri da tambayar da zan yi. Yaya zan san ba ta sata ba ce? Duk wanda ya shigo nan da na'ura a kulle, labari mai ban tausayi yake kawowa." Raina ya ɗan sosu, amma da na duba sai na ga gaskiyarsa. Dokar laifuffukan intanet da Nijeriya ta kafa a 2015 ta haramta kutsawa cikin na'urar wani ba da izini ba, kuma a gaban makulli hannun magaji da hannun ɓarawo kamarsu ɗaya. Ya ce mu kawo takardar shaidar rasuwa, da rasidin sayen na'urar in akwai, da takarda daga dattawan gida. Kwana biyu muka yi muna haɗa su. Rasidin a cikin aljihun wata tsohuwar jakar tafiya aka same shi.

Da muka koma ya zaunar da mu ya yi mana karatun da ban samu a aji ba, daga baya kuma na bi littattafai na ƙara a kai. Kalmar sirri ta kwamfuta ba ta daɗe a duniya ba. A 1961 ne wani masani mai suna Fernando Corbató, a jami'ar fasaha ta MIT da ke Amurka, ya shigar da ita cikin wata babbar na'ura da mutane da yawa ke amfani da ita lokaci guda, domin kada wani ya leƙa aikin wani. Shekara ɗaya kacal bayan haka wani ɗalibin digiri na uku, Allan Scherr, wanda aka ba awa huɗu a mako kuma ba su ishe shi ba, ya sa na'urar ta buga masa jerin kalmomin sirrin kowa a takarda. Tun daga nan aka shiga tsere tsakanin masu ƙera makulli da masu ɓalle shi. A 1979 Robert Morris da Ken Thompson suka wallafa bayanin hanyar da ta zama ginshiƙi har yau, wato na'ura ta daina ajiye kalmar ita kanta, sai dai ta niƙe ta da lissafi ta ajiye garin. Idan ka rubuta kalma sai ta sake niƙawa ta gwada garin da wanda ke ajiye. Mayar da tsaba gari abu ne mai sauƙi, mayar da gari tsaba kuwa sai wanda ya gwada. Saboda haka, in ji mai gyaran, babu inda zai buɗe a cikin na'urar ya karanto mana lambar Kawu.

Ya ce duk da haka makulli iri biyu ne. A tsofaffin na'urori kalmar sirri kamar mai gadi ce a bakin ƙofa, wanda ya haura katanga ya wuce shi. Mai gyara yakan tayar da na'urar da wata manhaja daga filashi, ko ya cire rumbun ajiyarta ya haɗa da wata na'ura, ya kwashe abin da ke ciki ba tare da ya ko gaisa da mai gadin ba. Ya sa filashinsa ya leƙa, sai ya girgiza kai. Ta Kawu tana da makulli na biyu, wanda ake kira BitLocker, da ya fara zuwa tare da Windows Vista, kuma a sababbin na'urori da yawa yakan kunna kansa da zarar an haɗa na'urar da asusun intanet. Shi wannan kayan ɗakin yake hargitsawa baki ɗaya, ta yadda wanda ya haura katanga ba zai tarar da komai ba sai tarkacen haruffa marasa ma'ana. Abin da ke warware su yana ɓoye cikin wani ɗan ƙanƙanin sashe a jikin na'urar, akwai kuma mabuɗin ko-ta-kwana mai lambobi 48, rukuni takwas, kowane rukuni lamba shida. Ya ba mu labarin Stefan Thomas, wani masanin kwamfuta mazaunin Amurka wanda jaridu suka yayata labarinsa a 2021. Ya manta kalmar sirrin wata 'yar na'urar ajiya mai ɗauke da mabuɗin kuɗin intanet na Bitcoin guda 7,002, na'urar kuma gwaji goma kawai take bayarwa, ya riga ya ƙona takwas. Ya ce, "In ƙwararre irin wannan ya tsaya cak, to ku daina tunanin ƙarfi. Sai dai mu nemi ƙofar da mai gidan ya bari da kansa."

Ƙofar kuwa tana nan a fili, a ƙarƙashin farin filin nan, wani ɗan rubutu da ke tambayar ko an manta lambar. Wanda ya sayar wa Kawu na'urar ya buɗe masa asusu a intanet ya ɗaura na'urar a kai, kuma irin wannan asusu yakan nemi lambar waya ko adireshin imel da zai aika wa saƙo ranar mantuwa. Muka haɗa na'urar da intanet ɗin wayata, ya danna rubutun, sai ta nuna cewa za ta aika da lambar tabbaci zuwa wani layi, ta ɓoye dukkan lambobinsa ban da biyun ƙarshe. Yaya ya ciro wayar Kawu daga aljihu da murna, amma da muka duba sai muka ga biyun ƙarshen ba nata ba ne. Ba na tsohon layinsa ba ne, ba na Yaya ba, ba kuma na yaran shago ba. Mai gyaran ya ce in layin na mai sayar da na'urar ne, ko kuwa layi ne da aka daɗe da yarwa har kamfani ya soke shi ya sayar wa wani, to aiki ya koma cike doguwar takardar tambayoyi waɗanda mai asusu kaɗai ya san amsarsu. Muka dawo gida jiki a sanyaye, da lambobi biyu a rubuce a bayan rasidi.

A tsakar gida Yaya yake faɗa wa ƙannensa yadda aka yi, ya ambaci lambobin nan biyu. Sai muka ji muryar Inna, uwargidan Kawu, daga bayan labule, inda take zaman takaba. Ta ce, "Sake faɗa in ji." Ya sake faɗa. Ta ce, "Ai wannan ƙarshen lambata ce." Nan ta tuna ranar da Kawu ya kira ta daga Legas ya ce wani saƙo zai shigo wayarta, ta karanto masa lambobin da ke ciki, ta karanta, ba ta kuma tambaye shi na mene ne ba. Da muka yi tunani sai dalilin ya bayyana. Wayar Kawu kullum tana hannun yaran shago suna amsa kiran fatake. Ta Inna kuwa, 'yar ƙarama mai maɓallai, ɗaure take a gefen zaninta dare da rana. Ashe mabuɗin da muka yi kwanaki muna nema a kasuwa yana cikin gida, a hannun matar da suka yi shekara talatin da wani abu tare, ita kanta ba ta san an ba ta ajiyarsa ba.

Na ɗauka an gama. Na ce mata gobe in mun isa Dugbe za mu kira ta ta karanto mana lambar da za ta shigo. Ta ce, "A'a, ɗan nan. Alhaji ya gargaɗe ni kada in karanta wa kowa irin wannan lamba ta waya, ko da ya ce daga banki yake. Ran nan muryarsa na ji shi ya sa na karanta. Yanzu kuwa babu muryar da zan ji in yarda." Na ce, "Inna, ai ni ne zan kira." Ta ce, "Masu damfara ma haka suke cewa." Wayar ma ta ƙi bayarwa a tafi da ita, ita kuma ba ta fita sai ta cika wata huɗu da kwana goma. Da na kai wa mai gyaran wannan labari ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce da duk masu asusu a ƙasar nan irinta ne da 'yan damfara sun sake sana'a. Ya rufe shagonsa da la'asar ya biyo ni Sabo.

A zaure aka zauna, da malamin rabon gado, da wan Kawu, da wakili ɗaya daga kowane ɗaki. Mai gyaran ya danna inda ya dace, sa'an nan na ɗauki na'urar a buɗe na shiga da ita ƙofar ɗakin Inna, wata ɗiyar amarya tana biye da ni don ta zama shaida. Wayar ta yi ƙara. Inna ta sa tabaranta, ta duba saƙon, ta miƙo hannu daga bayan labule ta danna lambobin da kanta, ɗaya bayan ɗaya, tana bismilla. Na koma zaure aka zaɓi sabuwar kalmar sirri a gaban kowa, malam ya rubuta ta da ajami a takarda biyu ya ba kowane ɗaki ɗaya. Hoton tsaunin nan ya gushe. Mai gyaran bai tashi ba sai da ya shiga asusun ya sa na kwafe lambobi 48 ɗin nan a takarda, ya kuma kwashe jadawalin ya zuba a filashi biyu.

Shafi uku Kawu ya yi wa lissafinsa: bashin da yake bi, bashin da ake bin sa, da ajiyar mutane. Ni aka sa in karanta da ƙarfi. Falken nan mai huhu arba'in gaskiya ne an karɓi kayansa, amma an biya shi kuɗin ashirin da biyar, ga rana ga wata ga sunan wanda ya kai masa. Da aka karanta masa bai yi gardama ba, ya ce lallai ya tuna. Dattijon nan mutumin Tawa kuwa sunansa ya fito layi bayan layi, wata bayan wata, na tsawon shekara shida, jimillar ta zo daidai da abin da ya faɗa, ba ragi ba ƙari. Ya ɗaga hannu sama ya yi wa Kawu addu'a, hawaye na bin gemunsa. A shafin bashin da Kawu ke bi, akwai sunaye da dama da aka rubuta "na yafe" a gabansu, har da na wasu da ke zaune a zauren a wannan lokaci.

Shafin ajiya shi ne ya fi nauyi. Mutum goma sha biyu ne suka zo neman ajiyarsu, amma sunaye talatin da ɗaya ne a rubuce. Sauran sun tafi gida noma, ko sun koma wani gari, wataƙila ma labarin rasuwar bai kai gare su ba. Da na kai suna na goma sha uku sai na ɗan dakata na dubi Yaya, domin daga nan duk abin da zan karanta babu wanda ya zo nemansa, kuma daga rabon ƙannensa zai fita. Ya ce, "Ci gaba. Karanta har ƙarshe." Akwai wasu ma'ajiyai a cikin na'urar, na hotuna da na wasiƙu da na muryoyin da aka naɗa. Wani daga cikin samari ya ce a buɗe a gani, malam ya ce lissafi ne ya tara mu, abin da ya rage sirrin mamaci ne, kuma mutuwa ba ta halatta leƙen asirin mutum. Aka rufe murfin.

Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Kawu ya cika umarnin rubutu fiye da yawancin tsararsa. Abin da na fahimta daga wannan lamari shi ne, rubutun da mutum ɗaya kaɗai ke iya kaiwa gare shi bai gama zama shaida ba. Tsohon littafinsa ruwa ya ci shi, amma kowa na iya buɗe shi. Sabon kuwa ya tsira daga ruwa, saura ƙiris ya nutse a cikin sirri. Mu ɗalibai da malamanmu muna cikin irin wannan hali ko mun lura ko ba mu lura ba. Kundin digiri, da sakamakon jarrabawa, da muryoyin tsofaffin da aka naɗo a ƙauyuka don bincike, da lissafin adashe da na ƙungiya, duk suna bayan wata kalma da ke kan mutum ɗaya. Rigakafin ba shi da tsada. Mutum ya san wane layi ne aka ɗaura wa asusunsa, ya kuma kula kada layin ya mutu. Ya kwafe mabuɗin ko-ta-kwana a takarda ya ajiye inda yake ajiye takardun gida. Ya zaɓi amini ɗaya ya gaya masa inda takardar take, ko da bai gaya masa abin da ke ciki ba. Manyan kamfanonin ma sun buɗe wannan hanya: Google tun 2013, Facebook a 2015, Apple a 2021, kowannensu ya ba mai asusu damar ya ambaci wanda zai karɓi ragama bayan ransa. Wanda kuma ya wayi gari na'ura ta tare shi da makullin da bai zata ba, kada ya yarda a wanke ta kafin ya tambayi wane irin makulli ne, kuma wace ƙofa mai ita ya bari. Sauri ya haifi nawa.

An fitar da kuɗin ajiya gaba ɗaya kafin a raba gado, aka damƙa su ga wan Kawu. Ta hanyar direbobin goro da fataken da ke sauka a gidan aka riƙa aika saƙo arewa, mutane suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, wasu kuma magadansu ne suka zo. Zuwa lokacin da nake wannan rubutu saura mutum biyu ba a gano su ba. Ɗaya an rubuta sunansa da garinsu, ɗayan kuwa laƙabinsa kawai Kawu ya sa, da kalmar "mai shayi". Kuɗinsu na nan a ƙulle, kuma duk baƙon da ya sauka a zauren sai Yaya ya karanta masa sunayen biyu ko Allah zai sa ya san su. Allah ya jiƙan Kawu, ya sauke masa nauyin da ya rage, mu kuma ya sa mu cika da amanar mutane a inda za a iya kaiwa gare ta.